Wasiƙa ga masu haɗa bidiyo da katun na Rano da Kibiya: kayan aro ba ya rufe katara

Ƙannena masu sana'a,

Ina rubuta muku ne, ku da kuke ɗaukar bukukuwa da wa'azi da hawan sallah, da masu zana katun a waya, da masu shagon tura fina-finai daga Rano zuwa Rurum har Kibiya. Shawarata ɗaya ce: duk aikin da kuka gama, ku adana shi a hannunku, a tsarin da kowace na'ura za ta iya buɗewa, kada ku bar rayuwarsa a hannun manhajar kamfani guda.

Hujjata ita ce labarin Flash. Ba filas ɗin da kuke zuba fim a ciki nake nufi ba, wata manhaja ce da ta fito a 1996, ta koma hannun kamfanin Adobe a 2005. Shekaru da dama da ita ake kunna katun da wasanni da bidiyo a intanet, har YouTube ma a kanta ya fara. Amma kamfanin Apple ya hana ta shiga iPhone, a 2010 kuma shugabansa Steve Jobs ya bayyana dalilansa: tana cin batir, tana da ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, kuma mabuɗinta na hannun kamfani ɗaya. A 2015 YouTube ya koma HTML5, wanda tsari ne buɗaɗɗe. A 2017 Adobe ya sanar da ranar ritayarta, ya daina kula da ita ranar 31 ga Disamba 2020, ya kuma toshe ta daga 12 ga Janairu 2021. Masu zanen da suka yi shekaru suna aiki a kanta suka wayi gari fayil ɗinsu na nan, amma babu abin kunnawa. Sai da masu sa kai suka tashi: shirin Flashpoint ya ceto wasanni da katun sama da 100,000, shafin adana kayan intanet na Internet Archive kuma ya koma kunna wasu da manhajar Ruffle. Abin da ba a kai gare shi ba ya salwanta.

Wani zai ce wannan gobarar Turai ce, mu a waya muke aiki da CapCut da KineMaster. To ai cutar ɗaya ce. Aikin da ke cikin manhajar tacewa, wanda ba a fitar da shi ba, ita kaɗai ke iya buɗe shi. Ranar da ta canza ko wayar ta faɗa ruwa, shi ke nan. A gida ma mun gani. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, a kaset aka riƙa sakin finafinan Hausa, daga baya aka koma faifai. Yau gida nawa ne ke da na'urar kunna kaset mai aiki? Finafinai da yawa na wancan zamani sun yi wuyar samu, ba don ba su da kyau ba, sai don mazubinsu ya mutu.

Wani kuma zai ce ai na ɗora a Facebook da TikTok, suna ajiye mini. Waɗannan rumfunan kasuwa ne, ba rumbu ba. Suna matse bidiyo har ingancinsa ya ragu, suna iya rufe shafi ba shawara. Dandalin gajerun bidiyo na Vine ya rufe a 2017, Indiya ta haramta TikTok a 2020, a nan Najeriya ma an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ku kai hajarku can ku ci kasuwa, amma iri ya kwana a gida.

Saura maganar tsada, kuma gaskiya ce: memori da hard disk kuɗi ne, data ma haka. Sai dai ba komai za a adana ba. Ku zaɓi ayyukan da suka fi daraja, ku fitar da su a MP4 mai inganci, sauti a WAV ko MP3, zane a PNG, abin da ake taɓawa ya amsa kuma ku gina shi da HTML5. Ku yi kwafi biyu a wuri biyu, ku rubuta suna da gari da shekara a kan kowane fayil, ku riƙa gwada kunna su duk shekara. Kuɗin wannan ku sa shi cikin farashin aiki, ku bayyana wa mai biki dalili.

Tarihi ya kira Rano da Kano sarakunan baba, saboda rinin da ba ya kodewa. Marini na gari yana tunanin yadda zane zai kasance bayan wanki goma. Muryar dattijon da kuka ɗauka yana ba da tarihin garinsu, jikokinsa za su neme ta wajenku bayan shekara 30. Allah Ya sa su same ta tana kunnuwa.

Wassalam,
ɗan'uwanku mai son ci gaban sana'arku.