Shafin makarantarku, a hannun wa yake?

Ka tambayi hedimasta a nan Tamale wa ke riƙe da shafin intanet na makarantarsu, sai ya ce "yaron da ya yi mana". To, ran da yaron ya koma Kumasi fa? Shafi da imel su bi shi.

Ni malami ne, ba injiniya ba, amma dubawar ba wuya. A Windows, ku buɗe Command Prompt, ku rubuta nslookup -type=ns, sannan sunan shafin. Sabobin suna za su fito, wato masu nuna wa duniya inda shafin yake, galibi da sunan kamfaninsu a jiki.

Sai ku tambayi yaron: asusun wannan kamfanin da sunan wa? Wa ke da kalmar sirri? In ba makaranta ba ce, a gyara tun ana shiri.