Kafin ka tura wa guruf kyauta, sa sharaɗinka

Jama'a, abin da na gani jiya a wani shagon fotokwafi ya tsaya min a rai. Bayanan lissafin da wani yayanmu ɗan aji huɗu ya hana idonsa barci ya rubuta wa 'yan Arewa na aji ɗaya, ya tura guruf kyauta, su ne aka goge sunansa, aka yi musu bango ana sayarwa. Yanzu ya ce wallahi ya daina. To wa ya yi asara? Ƙannenmu da suka zo Kudu ba su san kowa ba.

Na ce masa: Yaya, kar ka daina, sa sharaɗi kawai. Ba kanka farau ba.

A 1983 Richard Stallman, wani mai rubuta manhajar kwamfuta a Amurka, ya fara aikin GNU saboda kamfanoni na kulle manhajojinsu. A 1989 ya fitar da lasisin GPL. Dabarar ita ce: ɗauka, gyara, raba, amma duk wanda ka miƙa wa, ka ba shi 'yancin da aka ba ka. A 1998 David Wiley, yana ɗalibi kamarmu, ya ɗauko wannan tunani ya yi lasisin da ya shafi rubutu da kayan koyarwa. A 2001 Lawrence Lessig, malamin shari'a, da abokansa suka kafa Creative Commons, lasisinsu na farko suka fito a Disambar 2002. Wikipedia ma, har da ta Hausa, da shi take aiki tun 2009.

Sharuɗɗan ba wuya. BY: ambaci mai shi. SA: in ka gyara, raba da sharaɗi iri ɗaya. NC: ban da kasuwanci.

Na san wani zai ce, ina ruwan mai fotokwafi da lasisi? Gaskiya ne, layi ɗaya ba ya hana ɓarawo. Amma in kowane shafi na ɗauke da sunanka da "kyauta ne, ba na sayarwa ba", ɗan aji ɗaya zai san cutarsa ake, mu kuma mun samu hujjar zuwa gaban shugabannin ƙungiya.

Sai dai mu ma mu kiyaye: littafin malami ba namu ba ne, ba za mu manna masa lasisi ba. Abin da ka rubuta da kanka kaɗai.

Don Allah masu tutoriyal, mu fara daga wannan zangon.