Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Asusun TETFund

Ina roƙon ku ware wani kaso na kuɗin binciken digirin digirgir domin matsalolin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa. Wannan shiyya tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, da Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, amma tambayoyin da ke ƙofar gidansu ba su samu masu bincike yadda ya kamata ba. Babura tana kusa da iyakar Nijar, inda hamada ke cin gonakin gero da riɗi. Wane iri ne zai jure ƙarancin damina a wannan ƙasa mai yashi? Yaya yawan cutar tsargiya yake tsakanin yaran da ke wanka a madatsar ruwan Kazaure? Wane famfo mai amfani da hasken rana manomin rani zai iya gyarawa da kansa? Kowace tambaya a nan aikin shekaru ce ga ɗalibi mai himma.

Wasu za su ce jami'ar Babura jaririya ce, ba ta da isassun farfesoshi da ɗakunan gwaji. Haka ne, amma Kano ba nisa. Cibiyar Binciken Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero tana yaye masu digirin digirgir. Ɗalibi ya yi rajista a can, ya samu mai duba aikinsa na biyu a Babura, ya tattara bayanansa a gonakin Roni da Gwiwa, ku kuma ku ɗauki nauyin gwaji da sufuri. Malamin da ya horu haka, a nan zai zauna ya koyar.

Wassalam.