Allurar Kwantar da Saniya Tana Kasuwa, Ina Makarinta?



Duk matar da ke tatsa a ruga ta san halin saniya: kare ya yi haushi a kusa, ko baƙo ya zo ya tsaya mata a ka, sai ta riƙe nononta, hantsa cike amma ƙwarya wayam. A 1941 wasu masana biyu a Amurka, Ely da Petersen, sun so su ga dalili, suka ɗora wa saniya kyanwa a gadon baya, suna hura jakunkunan takarda suna fasawa a kusa da ita. Nono ya tsaya cak. Da suka bar tsoratarwar suka yi mata allurar adirenalin kawai, nan ma ya tsaya.

Adirenalin sinadari ne da wasu ƙulluttai biyu da ke saman ƙoda suke zubawa cikin jini idan dabba ta firgita ko ta sha wuya. Shi ke sa zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jinin fata da na hanji su tsuke, hanta ta saki sukari, tumbi ya dakata da niƙa. Ku ɗauke shi kamar makulli, a jikin kowace gaɓa kuma akwai kwaɗon da yake buɗewa. A 1948 wani masani a jihar Jojiya ta Amurka, Raymond Ahlquist, ya yi gwaji a kan karnuka da kyanwoyi da zomaye, ya nuna kwaɗunan iri biyu ne, ya kira su alfa da beta. Magungunan da muke magana a kansu yau makullan bogi ne: su shiga kwaɗo, ba su buɗe ba, ba su kuma bar na gaskiya ya shiga ba.

An fara ganin aikinsu tun ba a san kwaɗunan ba. A 1906 Henry Dale a Ingila ya ba kyanwa ruwan wata funfuna da ke kama hatsi, sannan ya yi mata allurar adirenalin. Maimakon jininta ya hau, sai ya sauka. Wannan tsohon gwaji har gobe yana da amfani a garke, domin asefuromazin, maganin da ake ba doki don ya natsu, yana toshe alfa. Dokin da aka ba shi, in jininsa ya faɗi aka yi gaggawar ɗirka masa adirenalin, ana iya ƙara masa ciwo. Masu ingarma kuma su sani, maganin kan sa gaban doki ya zazzago, wani lokaci ya ƙi komawa.

A ɓangaren beta, sunan da aka fi sani shi ne James Black, ɗan Sukotlan, wanda ya fito da furofranolol a 1964, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1988. Don zuciyar mutum aka yi shi, amma likitocin dabbobi suna ba kare da kyanwa shi ko ƙaninsa atenolol idan zuciya na gudu fiye da kima. Sai dai maganin ba ya tsayawa a zuciya. A ƙoda yana rage sinadarin renin, mai riƙe gishiri da ruwa a jiki. A hanta yana jinkirta sakin sukari, ya kuma ɓoye bugun zuciyar da ke nuna sukari ya faɗi. A huhu yana iya tsuke hanyar iska, abin da dabba mai haki ba za ta jure ba. Saboda haka mai maganin hawan jini a aljihu, don Allah kada tausayi ya sa ya jiƙa wa ragonsa ƙwaya ɗaya.

To amma inda maganar ta fi shafarmu shi ne wajen zailazin. Kamfanin Bayer na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ana sayar da shi da suna Rompun da wasu sunaye. Shi ne allurar da ake yi wa sa idan za a yi masa ɗinki ko fiɗiya, ko a yanke masa ƙaho. Shi zailazin ba toshewa yake yi ba, buɗewa yake: yana taɓa wani reshe na alfa da ke umartar ƙwaƙwalwa ta sassauta. Saniya sai ta kwanta, yawu na dalala, zuciya ta yi sanyi. Insulin ya ragu, sukari ya hau, fitsari ya yawaita. Tumbi ya tsaya, iska ta taru, ciki ya kumbura. In tana da tsohon ciki, mahaifa na iya murɗawa har ta yi ɓari. Tunkiya kuwa numfashi ne ke yi mata wuya. Babban hatsarin yana wajen awo: abin da ke kwantar da saniya kusan kashi ɗaya ne cikin goma na abin da ake ba doki mai nauyinta. Wanda ya saba da dawaki, ya ɗebi awon doki ya tsira wa saniya, sai dai a nemo wuƙa.

Akwai kuma amitiraz, ruwan wankan kaska da makiyaya da yawa ke saye. Shi ma wannan reshen yake taɓawa. Shanu suna jure shi in an surka yadda aka rubuta, amma ga doki guba ne: hanjinsa ya tsaya, cikinsa ya ƙulle, wani ba ya tashi. Mai shirin hawan sallah da ya ga kaska a jikin dokinsa, ya nisanci ruwan wankan shanu.

Duka biyun suna da makari, kuma makarin daga cikin masu toshe alfa yake: yohimbin, tolazolin da atifamezol. In an yi allurar daidai, cikin 'yan mintuna dabbar da ke kwance takan ɗaga kai, tumbi ya soma motsi, insulin ya dawo, sukari ya sauka. Abin da ke ba ni takaici shi ne, yohimbin daga ɓawon wata bishiya aka fara samo shi, bishiyar da ke tsirowa a dazuzzukan Kamaru da Gabon da kudancin Nijeriya. Ana sassaƙe ɓawon a kai ƙasashen waje, galibi don maganin ƙarfin maza, alhali saniyar da ta kumbura a kara ba ta da mai ceto.

Makarin ma ba ruwan sha ba ne. A shanu yohimbin bai kai sauran biyun ƙarfi ba. In aka tura makari cikin jijiya da sauri, dabba na iya zabura tana rawar jiki, jininta ya faɗi. Yana kuma kwashe kashe zafin da zailazin ya yi, ma'ana san da aka farkar bayan fiɗiya zai tashi da raɗaɗinsa, sai an haɗa masa da wani maganin. Wannan lissafi aikin wanda ya karanta ne, ba na mai tebur a cin kasuwa ba.

Ra'ayina a nan ɗaya ne: bai dace zailazin ya fi makarinsa sauƙin samu ba. Muna kira ga hukumar NAFDAC da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya su tsaya a kan cewa ba a sayar da shi sai ga mai lasisi, su kuma sauƙaƙa shigo da makarin. Gwamnatocin jihohi su ajiye shi a asibitocin dabbobi da ke kusa da manyan karori.

Kai kuma makiyayi, kafin ka bari a tsira wa saniyarka allurar kwantarwa, ka faɗa wa mai allurar in tana da ciki, ka hana ta kiwo na wasu sa'o'i in ya ce a hana, kuma ka tambaye shi ko makarin yana cikin jakarsa. In ya ce babu, kuma aikin ba na gaggawa ba ne, ku ɗaga shi har sai an samo.