Detroit: Gidan zane-zanen da bashi ya kusa cinyewa

A watan Yulin 2013 ne birnin Detroit na Amurka ya bayyana cewa ya tsiyace, da bashin kusan dala biliyan 18 a wuyansa.

Nan da nan masu bin bashi suka ɗora ido kan gidan adana kayan fasaha na Detroit Institute of Arts, wanda mallakar birnin ne a lokacin. Kamfanin gwanjo na Christie's ya ƙiyasta cewa kayan da aka saya da kuɗin birnin za su kai dala miliyan 454 zuwa 867.

Tambayar tana da nauyi: yaya za a zaftare fanshon tsofaffin ma'aikata alhali dukiya na rataye a bango?

Ba a sayar da ko ɗaya ba. A 2014 wasu gidauniyoyi da gwamnatin jihar Michigan da gidan kansa suka yi alkawarin zuba dala miliyan 816 a asusun fansho cikin shekaru 20, gidan kuma ya fita daga hannun birnin. Duk da haka sai da aka ɗan rage fanshon.

Da alama ƙuri'ar 2012 ta taimaka ƙwarai. A shekarar ne mazauna gundumomin Wayne da Oakland da Macomb suka amince da ƙarin haraji domin gidan, su kuma su riƙa shiga kyauta, suna kallon zanen ma'aikatan masana'antar motoci da Diego Rivera ya kammala a 1933, da sashen fasahar Musulunci. Gundumar Oakland ta yi gargaɗin janye harajin muddin aka yi gwanjo.

Masu ƙuri'a sun sabunta harajin a 2020.