Agaji Zuwa Ƙasashen Waje: A Fara Duba Bakin Iyaka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta daɗe tana tayar da gardama a tsakaninmu ƙananan 'yan kasuwar hatsi na ƙasar Daura. Maganar kuwa ita ce agajin da Gwamnatin Tarayya kan aika wa wasu ƙasashe idan wani bala'i ya auka musu.

Duk lokacin da aka ji irin wannan labari a rediyo, sai rumfarmu ta rabu biyu. Wasu su ce ai gida bai ƙoshi ba, don me za a kai wa dawa. Wasu kuma su ce Nijeriya babbar yaya ce, dole ta yi abin da girmanta ya hukunta. Haka aka yi a 2022 da aka ba da dala miliyan ɗaya ga asusun taimakon mutanen Afghanistan ta hannun ƙungiyar ƙasashen Musulmi. Haka kuma aka yi a 2023, da girgizar ƙasa ta ranar 6 ga Fabrairu ta hallaka mutane fiye da 50,000 a Turkiyya, aka tura Ministan Abuja na lokacin, Muhammad Musa Bello, ya kai dala miliyan ɗaya. Wannan ta biyun ta fi ɓata wa mutane rai, saboda ta zo daidai da canjin kuɗi, sa'ad da mutum zai wuni a ƙofar banki bai samu ko naira dubu biyu ba.

Ni dai, Malam Edita, ba na cikin masu cewa a daina. Dalilina shi ne mu ma masu karɓa ne, kuma mun ga abin da ke faruwa idan mai bayarwa ya janye hannu. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, Ingila ma ta rage nata kason. Cikin watan Yuli na shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun mutu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida saboda tamowa, ta kuma ambaci yanke tallafin nan a cikin abubuwan da suka ƙara dagula al'amarin. To, Ba'amurken da ya goyi bayan yanke tallafin, ai maganar rumfarmu ya yi, ya ce a fara da gida. Wanda ya ji zafin wannan bai kamata ya fito yana faɗa wa gwamnatinsa ta rufe ido ga wanda gini ya danne a Turkiyya ba.

Abin da ke damuna daban ne. Ƙasar wajen da ta fi kusa da mu ba sai an hau jirgi ba. Daga Daura ka bi ta Kongolam ka shiga Matamai har Damagaram, ko ka bi ta Babban Mutum a ƙasar Ɓaure ka faɗa Magarya. A ƙananan hukumomi biyar na wannan masarauta, wato Daura, Mai'aduwa, Zango, Ɓaure da Sandamu, da wuya ka sami gidan da ba shi da suruki ko kawu ko gwaggo a ƙetaren iyaka. Akwai manomin da gidansa na Nijeriya, gonarsa na Nijar. Ko ruwa bai san da iyakar ba, don a ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018 sai a cikin Nijar aka tsinci gawawwakin wasu daga cikin mamatan. Saboda haka idan yunwa ta sauka a Nijar, mu nan ba a rediyo muke jin ta ba, a ƙofar gida muke ganinta da ƙwarya a hannu.

Yanzu a duba yadda gwamnatocinmu suka riƙa yi da wannan maƙwabciya. A watan Agusta 2022 Ministar Kuɗi, Hajiya Zainab Ahmed, ta tabbatar da cewa an amince da kashe fiye da naira biliyan ɗaya don saya wa gwamnatin Nijar motoci goma ƙirar Toyota Land Cruiser, wai domin taimaka mata kan harkar tsaro. A lokacin malaman jami'o'inmu na cikin yajin aikin da ya ɗauki wata takwas. Na zauna na yi lissafi da canjin gwamnati na wancan lokaci, inda dala miliyan ɗaya ba ta kai naira miliyan 500 ba. Kuɗin motocin nan goma sun fi abin da aka ba Afghanistan da Turkiyya in an haɗa su. Ba na musun cewa tsaro na da muhimmanci, amma ina so mai karatu ya tambayi kansa, buhun gero nawa wannan kuɗi zai saya, kuma talakan Magarya nawa ne ya taɓa shiga irin wannan mota?

Ga kuma ɗaya ɓangaren, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Babban agajin da Nijar ke samu daga Nijeriya a shekarar fari ba daga Abuja yake fitowa ba, daga kasuwa yake fitowa. Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. Idan damina ta gaza a can, makiyayi ko manomi ya kan koro ragonsa ko bijiminsa zuwa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ya sayar, ya juya kuɗin zuwa gero da dawa da masara da garin rogo, ya koma gida. Wani ya kawo wake ko kanwa ko dabino. Muddin hanya na buɗe, dabbarsa na da daraja, domin masu saye daga Kano da Kudu suna nan suna jira. Ranar da aka rufe hanya kuwa, dabba ta taru a can babu mai saye, farashinta ya faɗi, gero kuma ya hau saboda ba ya shiga. Mutum ya rasa ta ko'ina. Mu ma nan ba mu tsira ba, don nama ya yi tsada, dillali da ɗan dako da mai amalanke da mai tuwo-tuwo a kasuwa duk su zauna.

Wannan ba zance ne na ka-ce-na-ce ba, an gani. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasar nan saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986, ga shi kuma rufewar ta haɗu da mummunan farin 1984. Har yau tsofaffi a Nijar suna kiran yunwar wannan lokaci da sunan El-Buhari. Ban faɗi haka don cin fuskar marigayi Janar Muhammadu Buhari ba, ɗanmu ne, a nan Daura aka binne shi ranar 15 ga Yuli 2025, Allah Ya gafarta masa. Na faɗa ne don a ga yadda hukuncin da aka yanke a ofis a Legas ya zama sunan yunwa a bakin talakawan wata ƙasa. A 2005 ma, bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, da mutane wajen miliyan uku suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi a yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa, tsadar hatsi a kasuwannin Nijeriya da hana shi fita daga ƙasashen maƙwabta na cikin abubuwan da suka ƙara wa wutar fetur. An sake rufe iyaka a watan Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka toshe hanya, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba su, sai a watan Maris 2024 aka buɗe. Sojan da ya yi juyin mulki bai kwana da yunwa ba ko sau ɗaya.

A cikin wannan rufewa ta ƙarshe ne aka aiko mini cewa gwaggona da ke aure a wani ƙauye a can ba ta da ko tiya ɗaya a rumbu. Na ɗaura buhu guda na gero a kan babur na bi ta barauniyar hanya. Sau uku wasu masu kaki suna tare ni, na wannan gefe da na wancan, kowa sai na ba shi na goro. Kafin in isa, abin da na kashe a hanya ya kusa rabin kuɗin buhun. Manyan motoci kuwa muna jin ƙararsu cikin dare suna wucewa, su da ma sun san da wa za su yi magana.

Kada a ce na ɗora wa Nijeriya laifi ita kaɗai. A watan Oktoba 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa kowace ƙasa in ban da Mali da Burkina Faso, kuma mun ji a jikinmu, musamman masu harkar wake. Wannan kuwa wata guda ne kacal bayan ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram, mu kuma madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri. Shekarar da ya kamata a riƙe hannun juna, sai kowa ya kulle rumbunsa.

Don haka ina kira ga 'yan majalisarmu na tarayya da su nemi a riƙa bayyana wa jama'a duk wani agaji da aka fitar waje, nawa ne, wa aka miƙa wa, kuma me aka saya da shi. Idan Nijar za a taimaka, a ba da hatsi da magani da irin shuka ta hannun hukumar NEMA, a sauke su a Matamai da Magarya a gaban idon jama'a. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, ya kamata ta samar da yarjejeniya a rubuce cewa ko wace irin rigima ta tashi tsakanin gwamnatocin biyu, ba za a hana abinci da magani da dabbobi wucewa ba. Ina kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, Allah Ya ja zamaninsa, da ya tuntuɓi ɗan'uwansa Sarkin Damagaram su kai wannan kuka gaba tare, tun da su ake kai wa ƙara idan baƙi suka cika gari. A ƙalla a amince cewa mai ɗauke da buhu ɗaya ko biyu zuwa ga danginsa ya wuce ta Kongolam da rana tsaka, ba tare da an tambaye shi ko sisin kwabo ba.



Naka mai karatu a kullum,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Mai'aduwa, Masarautar Daura, Jihar Katsina.