Adana kayan miya: Da tsohuwar zuma ake magani

Duk shekara labarin ɗaya ne a Kano. Daga watan Janairu zuwa Maris tumatir da tattasai da attaruhu kan cika kasuwar Kwanar Gafan da ta 'Yankaba, farashi ya faɗi, wani lokaci manomi ya rasa ko kuɗin motar da ta kawo kayan. Da zarar ruwan sama ya sauka kuma sai kayan su yi ɓatan dabo. Magidanci a Ƙofar Wambai da ya sayi tumatir cike da roba a watan Fabrairu, shi ne zai tsaya yana ciniki a kan kashi ɗaya a watan Yuni. An ga haka ƙarara gab da Babbar Sallar 2024, lokacin da gidaje da dama suka koma haɗa miya da karas da busassun kayan miya saboda tsada.

Ba ƙarancin noma ne ya jawo haka ba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, tana shayar da dubban kadada a Kura da Bunkure da Garun Malam. Abin da ya gagara shi ne riƙe amfanin daga lokacin wadata zuwa lokacin rashi.

Mutanen ƙasashe masu tsananin sanyi sun daɗe da warware irin tasu matsalar. A ƙauyukan Rasha da Kanada da arewacin Amurka, tun kafin zuwan firji, iyali kan haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa ko a jikin tudu, su zuba dankalin Turawa da karas da kabeji a ƙarshen kaka, su yi ta ci har hunturu ya wuce. Ƙasa ce ke aikin: tana hana kayan daskarewa, tana riƙe su da sanyi kaɗan sama da na ƙanƙara, tare da laimar da ke hana su yanƙwanewa. Garin Elliston na tsibirin Newfoundland a Kanada yana da irin waɗannan ɗakuna sama da 130, har masu yawon buɗe ido ke zuwa kallonsu.

Sai dai kwaikwayonsu kai-tsaye ba zai yi aiki a Kano ba. Idan aka nitsa cikin ƙasa, yanayin da za a tarar shi ne matsakaicin zafin garin na tsawon shekara. A can sanyi ne, a nan kuwa kusan digiri 26 ne a ma'aunin Salshiyos, wanda ba zai hana tumatir ruɓewa ba. Abin koyi a wurinsu shi ne ɗabi'ar tanadi, da dogaro da abin da yanayi ya bayar kyauta. Su sanyi Allah Ya ba su. Ƙasar Hausa kuma rana da busasshiyar iska.

Magabata sun gane wannan. Hatsi yana da rumbu da rufewa. Albasa ana shanya ta ta sha iska, sannan a jera ta a kan rudu, nesa da ƙasa, a lulluɓe da ciyawa, kamar yadda manoman Aliero a Jihar Kebbi ke yi har yau. Tumatir a yanka shi a busar ya zama kauɗa. Kuɓewa da kuka da karkashi da barkono duk a bushe ake ajiye su, kalwa kuma a mayar da ita daddawa. A tsoffin gidajen cikin birni akwai ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, wanda ba ya ɗaukar zafi da wuri, ga randa a inuwa tana sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba.

Wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Wambai a yau zai ga abin da ya maye gurbinsu: bokitai da bahon roba da kuloli da jarkoki, jibgi-jibgi. Roba tana da sauƙin ɗauka kuma ba ta fashewa, amma ba ta numfashi. Tumatir a cikin rufaffiyar roba gumi yake yi ya lalace. Gidajen ƙasa sun koma na bulo da kwano, an raba tsakar gida an yi ɗakunan haya, wurin shanya ya ƙare. An saki randa an kama firji, alhali wutar da za ta riƙe shi ba ta tsayawa, kuma man janareta ya fi ƙarfin talaka tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023.

Abin takaicin shi ne maganin da duniya ta yaba daga maƙwabciyar Kano ya fito. A tsakiyar shekarun 1990, marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa wanda ya tashi a gidan magina tukwane, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan miya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, ya tafi da zafin da ke ciki. A gwaje-gwajensa, gauta da ke lalacewa cikin kwana 3 ta kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku, alayyafo kuma kwana 12. Wannan aiki ya sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, dabarar kuma ta bazu zuwa Sudan da wasu ƙasashe. A cikin birnin Kano kuwa da wuya a shiga gida goma a tarar da ita a ɗaya.

Dole a faɗi iyakarta. Tana aiki sosai ne a hunturu da bazara, lokacin da iska ke bushe. Da damina ƙarfinta kan ragu. Tana buƙatar a jiƙa yashin safe da yamma, a unguwannin da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Ba a saka albasa a ciki, domin ita laima ce abokiyar gabarta. Makonni take ƙarawa, ba watanni ba. Amma makonni uku ba ƙaramin abu ba ne ga uwargidan da za ta sari kaya ranar da suka yi araha, ko mai kayan gwarin da ke zubar da ragowar hajarsa a bola duk yamma. Abin da zai kai damina kuwa, busarwa ce hanyarsa.

An daɗe ana jiran manyan masana'antu su share wa manoma hawaye. Kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa, wanda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ya sha tsayawa saboda rashin isassun kaya, tun daga annobar tsutsar Tuta absoluta ta wannan shekarar. Masana'anta na da muhimmanci, amma ba za ta maye gurbin tanadi a gida da kasuwa ba.

Don haka akwai aiki a gaban hukumomi. Ya kamata Ma'aikatar Gona ta Jihar Kano da hukumar KNARDA su haɗa kai da cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, wadda ke da ofishi a Kano, da Cibiyar Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, su fito da ilimin daga ofis zuwa gidajen rediyo da makarantun Islamiyya na matan aure. A tallafa wa magina tukwane su samar da tukwanen a farashin da talaka zai iya.

A kasuwannin gwari a gina rumfunan sanyi masu amfani da hasken rana, waɗanda ɗan kasuwa zai biya kuɗin ajiya gwargwadon kayansa. A samar wa manoma gadajen shanya masu tsafta, a daina baza kauɗa a gefen titi inda ƙura da dabbobi ke bi ta kanta. Su ma 'yan robobin Ƙofar Wambai da masana'antun Sharaɗa da Bompai suna da rawar takawa: akwatunan roba masu ƙofofin shan iska sun fi kwando kare tumatir daga matsewa a doguwar tafiya zuwa Legas, kuma kasuwa ce da ke jiran mai shiga.

Magidanta ma kada su jira gwamnati. Tukwane biyu da yashi da tabarmar shanya ba su kai kuɗin cefanen mako guda na lokacin tsada ba. Watannin araha ne lokacin yin tanadin, domin ba a fafe gora ranar tafiya.